Tambaya da Amsa: Daga Ina Sunan Esposito Ya Samo Asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bibiyar gasar ƙwallon ƙafa ta Italiya ne tun lokacin da Victor Osimhen yake buga wa Napoli wasa, kuma na lura da wani suna da yake yawan maimaituwa a can, wato Esposito. Akwai 'yan wasa har uku, uwa ɗaya uba ɗaya, da suke amsa shi, akwai kuma wani ɗan fim a Amurka mai irin sunan. Wani abokina da ya yi ci-rani a ƙasar ya ce mini sunan 'ya'yan tsintuwa ne, ni kuwa na kasa yarda, domin ban ga yadda mutane masu yawa haka za su riƙe sunan da yake tona musu asiri ba. Shin gaskiya ya faɗa? Mece ce ma'anar sunan, kuma duk masu amsa shi dangi ɗaya ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya game da asalin sunan, amma idan yana nufin cewa waɗanda suke amsa shi a yau su ne aka tsinta, to, nan ya kauce hanya. Esposito ya fito ne daga kalmar Latin "expositus", wadda take nufin wanda aka fitar aka ajiye a waje, kuma ita ce kalmar da ake rubutawa a gefen sunan jaririn da aka yasar a ƙofar coci ko gidan renon jarirai ba tare da an san iyayensa ba. A birnin Napoli da kewayensa wannan bayani na cikin rajista shi ne ya rikiɗe ya zama sunan iyali, yaron ya girma da shi, ya bar wa 'ya'yansa, su ma suka bar wa nasu. Saboda haka masu sunan ba dangi ɗaya ba ne, kuma ba su taɓa zama dangi ɗaya ba. Abin da ya haɗa kakanninsu shi ne ƙofa ɗaya da suka shiga ta cikinta, da alƙalamin akawun da ya rubuta su.

Kafin a gane yadda haka ta faru, ya kamata a san bambancin tsarin sunansu da namu. A wurinmu mutum yana ɗaukar sunan mahaifinsa ne, ɗansa kuma ya ɗauki nasa, don haka sunan yana sauyawa daga tsatso zuwa tsatso. Su kuwa Italiyawa suna da sunan iyali tsayayye wanda ba ya sauyawa, wanda ya fara bayyana tsakanin manyan gidaje na birane irin su Banis, sannan ya riƙa bazuwa sannu a hankali zuwa ga talakawa. Abin da ya ƙara kafa shi shi ne babban taron malaman cocin Katolika da aka yi a garin Trento daga 1545 zuwa 1563, wanda ya wajabta wa limaman coci riƙe rajistar baftisma da ta aure, domin a san wanda ya haifi wane, a kuma kauce wa aure tsakanin makusantan da dokar coci ta hana. Mafi yawan waɗannan sunaye daga wurare huɗu suka fito: sunan uba, kamar De Luca, gari ko yankin da mutum ya fito, kamar Romano ko Lombardi, sana'a, kamar Ferrari da Fabbri waɗanda duk maƙeri suke nufi, ko kuma kamanni, kamar Rossi da Russo na masu jan gashi ko jar fata, da Ricci na mai nannaɗaɗɗen gashi. Jaririn da aka tsinta da daddare ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a san ubansa ba, ba a san unguwarsu ba, ba shi da sana'a, amma duk da haka dole ne a cike gurbin da ke cikin littafi.

Gidan da ya fi kowane yaɗa sunan shi ne Annunziata, wata tsohuwar cibiyar jinƙai a unguwar Forcella ta tsakiyar Napoli, wadda aka kafa a ƙarni na 14, kuma Sarauniya Sancha, matar Sarki Robert na gidan Anjou, tana cikin waɗanda suka tallafa mata. Cibiyar ta haɗa coci da asibiti da gidan reno. A jikin katangarta ta bakin titi akwai wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu, a bayanta kuma aka dasa wani akwatin katako mai siffar ganga a tsaye, wanda yake juyawa, buɗe ta gefe ɗaya. Italiyawa suna kiransa "ruota". Mai ɗauke da jariri zai zo, yawanci cikin dare, ya zura shi ta kafar, a juya akwatin, sai ɓangaren da yake buɗe ya koma ciki inda mata masu gadi suke jira, su ɗauki yaron ba tare da sun ga fuskar wanda ya kawo shi ba. An gina abin ne musamman don kada a gani, kuma wannan rufin asiri shi ne dukkan hikimarsa. Ba a Napoli aka fara shi ba: a Italiya ana danganta farkonsa da Fafaroma Innocent na Uku, wanda ya sa aka yi irinsa a asibitin Santo Spirito na birnin Rum a wajajen 1198, kuma labarin da ake bayarwa shi ne cewa gawawwakin jarirai da masunta suke tsamowa daga kogin Tiber ne suka tayar masa da hankali.

Da zarar an karɓi yaro a Annunziata sai a yi masa wanka, a yi masa baftisma, a rubuta rana da sa'ar da aka ajiye shi, da irin tufafin da ke jikinsa, da duk wata alama da aka same shi da ita, sannan a rataya masa wata 'yar lambar dalma a wuya mai ɗauke da lambarsa ta rajista. Mutanen gari suna kiran waɗannan yara "'ya'yan Madonna", wato 'ya'yan Maryamu, kuma ana ganin cewa wucewa ta cikin akwatin nan ita ce take ba yaro wannan matsayi da haƙƙin kulawar gidan. Shigarwa mafi daɗewa da aka saba ambatawa a matsayin Esposito na farko a kundin gidan ita ce ta wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Fabrizio, a ranar 1 ga Janairun 1623.

Abin da ya fi taɓa zuciya a cikin waɗannan kundaye shi ne alamomin da iyaye suke bari. Wata uwa za ta raba kwabo ko lambar addini gida biyu, ta ɗaura wa yaron rabi ta riƙe rabi. Wata za ta yanki ƙyalle. Wata kuma za ta sa a rubuta mata 'yar takarda mai ɗauke da sunan da take so a kira shi da shi. Duk wannan yana nuna cewa da yawansu ba su ɗauki rabuwar a matsayin ta har abada ba, suna fatan ranar da hali zai samu su dawo da rabin alamar su karɓi ɗansu. A nan ne nake ganin fassarar da aka fi yi wa sunan ta yi tsanani fiye da kima. Gaskiya ne cewa da yawa daga cikin yaran an haife su ba ta hanyar aure ba, a cikin al'ummar da ta ɗora mutuncin gida kacokan a kan budurcin 'ya mace, take kuma barin namijin da ya yi cikin ya tafi abinsa. Amma wani babban kaso 'ya'yan sunna ne waɗanda talauci ya raba da iyayensu: uwa ta rasu wajen haihuwa, ko nono ya ƙafe, ko an yi fari, ko annoba ta shigo gari, kamar wadda ta kashe wani kaso mai yawa na mutanen Napoli a 1656. A birnin Milan ma masana tarihi sun nuna cewa a ƙarni na 19 ma'aurata ma'aikata da yawa sun mayar da gidan reno wurin ajiye jariri na 'yan shekaru, su dawo su karɓe shi bayan an yaye shi. Don haka ba daidai ba ne a ji sunan Esposito a yanke hukunci a kan yadda aka haifi kakan mai shi, domin sunan bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne an ajiye yaron.

Rayuwa a bayan katangar ba ta da sauƙi ko kaɗan. Kafin a samu madarar gwangwani mai tsafta, ran jariri yana hannun mai shayarwa ne, su kuwa masu shayarwa ba su taɓa isa ba. Mace ɗaya takan shayar da jarirai biyu ko uku ko fiye, cututtuka kuma suna yawo daga gado zuwa gado. A gidajen reno da yawa na Italiya fiye da rabin jariran da aka karɓa ba sa kai shekara guda. Waɗanda suka fi samun damar rayuwa su ne waɗanda aka tura ƙauye wurin matan manoma, ana biyan matan ɗan abin hasafi duk wata, kuma sau da yawa yaron yakan zauna a gidan har girmansa, ya zama ɗan aikin gona ko ya koyi sana'a. Wannan tura yara ƙauyuka yana cikin dalilan da suka sa sunan bai tsaya a cikin birni ba, ya cika garuruwan da suke kewaye da dutsen Vesuvio da gaɓar tekun yankin.

Yanzu sai batun yawansu, wanda shi ne ya ba ka mamaki. Italiya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan sunayen iyali daban-daban a duniya, ana ƙiyasta sun haura 300,000, saboda kowane yanki yana da karin harshensa, kuma ƙasar ba ta dunƙule wuri ɗaya ba sai a 1861. A cikin wannan tarin, Esposito shi ne na ɗaya a birnin Napoli da kuma yankin Campania baki ɗaya, yankin da yake da mutane kimanin miliyan 5 da rabi. A ƙasa baki ɗaya kuwa, jerin da aka fi yaɗawa yana sa shi na huɗu, bayan Rossi da Russo da Ferrari, ko da yake matsayin yakan ɗan motsa gwargwadon yadda aka yi ƙidayar. Dalilin yawan a fili yake. Sunan iyali na yau da kullum yana faruwa ne daga kaka ɗaya ko kaɗan, sai ya jira haihuwa ta yaɗa shi. Shi kuwa Esposito kowace shekara ana ƙara masa sababbin tushe, ɗaruruwa bayan ɗaruruwa, har tsawon kusan ƙarni biyu, a birnin da a wancan zamani yake cikin mafiya girma a Turai. Ko da mutuwa ta ɗauke mafi yawansu, 'yan mazan da suka rayu suka yi aure sun isa su kafa dubban gidaje da babu jini tsakaninsu. Lamarin ya yi kama da yadda makarantun boko na farko a Arewa suka riƙa rubuta ɗalibai da sunan garinsu, har aka samu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Ba wanda zai ce duk mai amsa Kano a ƙarshen sunansa ɗan uwan Malam Aminu ne.

Wanda ya tsayar da al'adar a hukumance shi ne Joachim Murat, mijin ƙanwar Sarki Napoleon na Faransa, wanda ya mulki Napoli daga 1808 zuwa 1815. A zamaninsa ne aka kafa rajistar haihuwa ta gwamnati a kudancin Italiya, aka kuma fitar da doka cewa kada a ƙara ba wa yaron tsintuwa sunan da zai zame masa tabo har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan ma'aikata suka koma ƙirƙirar sunaye: na tsirrai, na duwatsu, na watanni, na waliyyan coci, ko duk abin da ya faɗo wa akawu a ranar. Misali sananne shi ne Vincenzo Gemito, shahararren mai sassaƙa mutum-mutumi, wanda aka ajiye a akwatin Annunziata a Yulin 1852. Ba a kira shi Esposito ba. An ba shi sunan Genito, sai kuskuren rubutu ya mayar da shi Gemito, kuma da wannan kuskure duniya ta san shi har rasuwarsa a 1929. Shi kansa akwatin an rufe shi a 1875, gwamnatin Italiya kuma ta soke irinsa a ƙasa baki ɗaya a 1923. Ma'anar wannan ita ce, ɗan wasan da kake gani a talabijin, idan aka bi salsalar sunansa, yawanci sai an koma baya shekara 200 ko fiye kafin a kai ga wanda aka tsinta, tsakaninsu kuwa akwai kakanni shida ko bakwai da aka san iyayensu sarai.

Kowane birni yana da nasa salon. A Rum da yankunan Lazio da Umbria ana cewa Proietti, daga kalmar da take nufin wanda aka jefar. A Fulorans, inda gidan Innocenti da Filippo Brunelleschi ya zana ya fara karɓar jarirai a 1445, sunan gidan ne ya bi yaran, aka samu Innocenti da Nocentini. A Bolonya akwai Degli Esposti, a tsibirin Sisili akwai Trovato, wato wanda aka tsinta, a yankin Romagna kuma Casadei, ma'ana gidan Allah. A Milan, inda tambarin babban asibitin garin kurciya ce, an riƙa ba wa yaran sunan Colombo, shi ya sa yake cikin sunayen da suka fi yawa a yankin Lombardiya. Sai dai a kula, Colombo yana da wani tushen daban a matsayin sunan yanka na dā, don haka Cristoforo Colombo na Genoa, wanda ya tsallaka teku a 1492, ɗan masaƙi ne da aka san mahaifinsa.

Yaɗuwar sunan zuwa ƙetare ta biyo bayan babbar ƙaurar da mutanen kudancin Italiya suka yi saboda talauci. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa kimanin miliyan 4 ne suka shiga Amurka, mafi yawansu daga kudu, kuma tashar jiragen ruwa ta Napoli tana cikin manyan ƙofofin fitarsu. Wasu miliyoyin kuma suka nufi Ajantina da Birazil. Shi ya sa ake samun sunan da yawa a New York da New Jersey da Buenos Aires. A Kanada akwai 'yan uwa biyu, Phil da Tony Esposito, da suka yi fice a wasan hoki na ƙanƙara. Ɗan fim ɗin da ka ambata, ina jin Giancarlo Esposito kake nufi: an haife shi a Kopenhagen a 1958, mahaifinsa mutumin Napoli ne, mahaifiyarsa kuma mawaƙiya baƙar fata daga jihar Alabama. 'Yan ƙwallon uku kuwa, Salvatore da Sebastiano da Francesco Pio, 'yan garin Castellammare di Stabia ne, wanda yake gaɓar teku kudu da Napoli kaɗan, wato a tsakiyar ƙasar sunan.

Game da ko abin kunya ne a yau, amsa ita ce a'a. Yawansa ya wanke shi, har ya kai ga idan ɗan Italiya yana son ya ba da misali da talakan Napoli na gargajiya, sai ya ce Gennaro Esposito, kamar yadda ake cewa Mario Rossi idan ana nufin kowane ɗan ƙasa. Mai gasa burodin nan da ake danganta wa fizar Margherita ta 1889 ma sunansa Raffaele Esposito, kuma mutanen birnin suna alfahari da shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ƙanena yana zaune a Italiya da iyalinsa, ya ce mini yanzu a can ana iya sa wa yaro sunan gidan uwarsa, kuma mutum yana iya sauya sunan iyalinsa idan bai yi masa ba. Haka ne? Kuma yaron da ba a san iyayensa ba, wane suna suke ba shi a wannan zamani? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Tambayarki ta zo daidai da ta sama, shi ya sa na haɗa su. Abin da ƙanenki ya faɗa haka yake. Mace a Italiya ba ta barin sunan gidansu a takardunta idan ta yi aure, amma 'ya'ya a ƙa'ida sunan uba suke ɗauka kai tsaye, har zuwa Afrilun 2022 lokacin da Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta yanke hukunci cewa ɗora wa yaro sunan uba kai tsaye ya saɓa wa daidaito tsakanin iyaye. Yanzu ƙa'idar ita ce yaro ya ɗauki sunayen biyu a jerin da iyayen suka amince da shi, sai dai idan sun yarda a tsakaninsu su ba shi ɗaya kawai, na uba ko na uwa.

Sauya suna kuma yana yiwuwa a ƙarƙashin dokar rajistar jama'a ta shekarar 2000. Mutum yana kai buƙatarsa ne ga wakilin gwamnatin tsakiya na lardinsa, wanda suke kira "prefetto", ya bayyana dalilinsa, kuma dokar ta ambaci dalilai uku a fili: idan sunan abin dariya ne, ko abin kunya, ko yana nuna cewa an haifi mutum ba ta hanyar aure ba. Ita wannan doka ce ta hana jami'in rajista ba wa yaron da ba a san iyayensa ba sunan da zai sa a yi zargin asalinsa, ko sunan wani fitaccen gida a yankin. Ta kuma ba wa mace damar haihuwa a asibiti ta nemi kada a rubuta sunanta, daga nan kotun yara ta nema wa jaririn iyalin da za su riƙe shi, ya ɗauki sunansu. Wasu asibitoci da coci-coci sun dawo da wani sabon salo na tsohon akwatin, gado mai ɗumi a jikin katanga wanda yake kaɗa ƙararrawa idan an sa jariri.

Sai dai ki ja hankalin ƙanenki a kan abu ɗaya. Waɗannan ƙa'idoji na 'yan ƙasa ne, kuma Italiya ba ta ba wa yaro ƙasa don kawai an haife shi a cikinta. Ta jini ake gado. Yaron da iyayensa duka baƙi ne yana bin ƙasar iyayensa, a ƙa'ida kuma dokar ƙasarsu ake dubawa wajen sunansa, yawanci sai ya kai shekara 18 yana zaune a can ba yankewa sannan ya samu damar neman zama ɗan ƙasa. Daga cikin waɗanda doka ta keɓe daga wannan akwai jaririn da aka tsinta a ƙasar ba a san iyayensa ba, wanda dokar 1992 ta ɗauke shi ɗan Italiya tun daga haihuwa. Idan ƙanenki yana son sunan yaronsa ya zo iri ɗaya a takardar haihuwa ta can da fasfo na gida, ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarsa kafin ya je rajista, domin gyaran suna bayan an rubuta shi yana ɗaukar lokaci da takardu masu yawa.